Kofin Ruwan da Ya Tada Tuta

SHAFI NA 6

Masu cewa jiya na bar ku tsaye a mararraba, ku yi haƙuri, yau mun shiga garin. Mai cin abinci ya ajiye cokali tukuna.

*

Tunda Yaya Hrishi ya karya kan motar muka sauka daga babban titi, abokinsa Jithin bai ƙara cewa uffan ba.

Ni na matsa. Jiya muka baro Kochi, tafiyarmu har Kashmir ce, ga kuma allon Neelathura a gefen hanya, garin da aka binne cibiyarsa. Ta yaya za mu wuce kamar ba mu gani ba? Balle na ji da kunnena ana faɗa masa a waya cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya.

"Ko gaisuwa ce ka yi mata," na ce.

"Anagha, ki bari."

"Ba zan bari ba."

Ya daɗe yana kallona ta madubi. Irin kallon nan nasa da ke sa in manta sunana. Sannan ya ce da Yaya, "Shiga. Amma ku za ku shiga gidan, ni a waje zan tsaya. Kada wanda ya tambaye ni dalili."

Na ɗauka rigimar gida ce, irin ta uwa da ɗa.

Muka bi ta cikin itatuwan kwakwa har ƙarnin kifi ya fara shigo mana ta taga. A shagon mai shayi maza ne zaune suna gyaran taru. Suka ɗago suka kalli motar. Suka ga wanda ke ciki.

Ɗaya bayan ɗaya suka juya mana baya.

Yaya Hrishi ya yi dariya. "Kai Jithin, ashe haka ake ji da kai a garinku? Ko kajin mutane ka kwashe kafin ka gudu?"

Babu wanda ya taya shi dariyar.

*

Gidan ƙarami ne, da shingen ganyen kwakwa. Jithin ya tsaya daidai bakin shingen, ya harɗe hannuwa a baya kamar mai jiran hukunci.

A baranda wata tsohuwa ce kwance kan gadon igiya, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Inna Karthyayani ke nan, mahaifiyar Jithin. Wata budurwa doguwa na zaune kusa da ita tana shafa mata mai a ƙafa.

Tsohuwar ta ɗago. Ta gan shi.

Ta buɗe baki. Na jira ta kira sunansa.

Sai ta juya ta kalli akuyar da ke ɗaure a gindin kwakwa.

"Ke baƙar nan," ta ce da akuyar, "kin ga yadda mutanen birni ke ramewa? Ko ba a dafa shinkafa a can ne?"

Jithin ya sunkuyar da kai. Shi ma akuyar ya kalla.

"Ana dafawa," ya ce a hankali. "Miyar ce ba ta kai ta gida ba."

"Ki ce wa mai ji ya riƙa rufe ƙirjinsa. An ce inda za su akwai sanyi."

"Ki ce wa mai tari ta riƙa shan maganinta."

Na tsaya baki buɗe. Uwa da ɗa, taku kaɗan tsakaninsu, suna aika saƙo ta bakin akuya!

Budurwar ta miƙe ta tarbe mu, ni da Yaya. Ko gefen shingen ba ta kalla ba.

"Sannunku da hanya. Sunana Drishya. Ku zauna, akwai rogo da miyar kifi."

"Ke ce ƙanwarsa?" na tambaya.

Ta girgiza kai. "Sajin zan aura. Ƙaramin ɗan gidan."

Kamar an kira shi, sai ga wani saurayi ya fito daga bayan gida da igiya a kafaɗa. Kamarsu ɗaya da Jithin, sai dai shi rana ta fi ƙona shi. Yana ganin wanda ke bakin shinge igiyar ta zame ta faɗi.

Bai ɗauka ba. Ya kalli Yaya Hrishi.

"Malam, motarka ce a waje?"

"Tawa ce."

"In kun ci abinci ku kama hanya. Rana na yi."

"Kai Sajin!" tsohuwar ta ce. "Baƙi ake kora?"

"Inna, kin san abin da nake nufi."

Tari ya sarƙe ta. Tari mai tsawo, mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Na ga Jithin ya ɗaga ƙafa zai shigo, sannan ya mayar da ita. Hannunsa ya damƙe shingen har ganyen ya karye.

Drishya ta kawo ruwa a kofunan ƙarfe. Ta ba Inna, ta ba Yaya, ta ba ni.

Uku. Mu huɗu ne ke buƙata.

Raina ya ɓaci. Mutum ya yini a mota, ga rana kamar ta fasa kai, leɓensa duk ya bushe, a ce ko ruwa ba za a ba shi ba a gidan ubansa? Wace irin zuciya ce da mutanen nan?

Na miƙe da kofina. Drishya ta juya baya tana gyara wa Inna matashi, Sajin na magana da Yaya. Na taka har bakin shingen.

"Karɓi."

Bai ma san na zo ba. Idonsa na kan uwarsa.

"Yaya Jithin, karɓi ka sha. Ruwan gidanku ne."

Na cusa masa kofin a hannu. Ya kai baki kamar mai tafiya cikin barci. Kurɓa ɗaya.

"A'A!"

Ihun Inna ne. Ban san akwai sauran irin wannan murya a jikinta ba.

Kofin ya faɗi ƙasa. Jithin ya kalli hannunsa, ya kalle ni, fuskarsa ta koma kamar toka.

A tsallaken hanya wata mata da kwandon kifi a ka ta tsaya cak. Ta kalli kofin. Ta kalli gidan. Ta sauke kwandon a nan inda take, ta juya da sauri ta nufi wajen ɗakin bauta.

Sajin ya dafe kai da hannu biyu.

"Kin kashe mu," ya ce. "Baiwar Allah, kin kashe mu."

"Ruwa fa kawai na ba shi!"

Da na waiwaya, Jithin ya yi nisa, ya nufi bakin teku.

*

Na same shi zaune a inuwar wani kwale-kwale da aka kifa kan yashi.

"Koma wajen yayanki."

"Ba inda za ni sai ka faɗa min abin da na yi."

"Ba ki yi komai ba."

"Ƙarya kake! Uwarka na kuka, ƙaninka ya ce na kashe su, kai kuma ka ce ban yi komai ba? Ni 'yar Palakkad ce, a cikin gonar shinkafa na girma, ina zan san dokokin masunta? Da ka faɗa min!"

"Da na faɗa miki, da wane ido za ki kalle ni?"

Na zauna kan yashin, nesa da shi kaɗan.

"Kotun teku ce ta ware ni," ya ce. "Dattawan ɗakin bauta. Duk rigimar da ta faru a kan ruwa su ke yanke ta, ba 'yan sanda ba. Wanda suka ware, ba mai yi masa magana, ba mai sayar masa, ba mai ba shi wuta ko ruwa. Gidan da ya ba shi, shi ma an ware shi."

"Ma'ana?"

"Ma'ana a jawo jirginmu kan yashi. Ba mai shiga ya yi mana aiki, ba mai sayen kifinmu. Da jirgin nan ake sayen maganin Inna."

Na juyo na fuskance shi.

"Amma ni na ba ka, ba su ba!"

"Daga tulun wa aka ɗebo?"

Hawaye suka zubo min. Ya kawar da kai.

"Me ka yi musu?" na ce. "Me ka yi da zafi haka?"

Ya ɗebi yashi ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"A nan, jirgin da ya fara hango ayarin kifi sai ya ɗaga filafili sama, itacen tuƙin nan. Shi ke nan, kifin nasa ne, kowa ya kauce. Ko ɗan goye ya san wannan. Ranar, Baba Bhaskaran ne ya ɗaga. Jirginmu bai kauce ba. Muka daki gefen nasa, ya faɗa ruwa, tarunsa ya naɗe shi. Sai gawarsa."

"Wane ne Bhaskaran?"

"Mahaifin Drishya."

Na toshe baki da hannu.

"Aka tada tuta, aka tara gari. Ni ne babba a jirgin tun rasuwar babanmu. Suka ce in ɗora hannu kan fitilar Uwa, allahiyar da muke bauta wa, in rantse cewa ni ke riƙe da inji kuma ban ga filafilin ba. In na rantse, tsautsayi ne, magana ta mutu."

"To me ya hana ka?"

"Ban rantse ba."

"Don ka gani?"

Ya ci gaba da zubar da yashi.

"Yaya Jithin, ka gani ka ƙi kaucewa?"

"Ki bar shi haka."

"Ba zan bari ba! Na san ka. Kai da ke tsayar da mota don kare ya tsallaka? Kalle ni ka ce min ka ga mutum ka bi ta kansa!"

"Anagha..."

"Kalle ni!"

Ya kalle ni. Idanunsa sun kaɗa jawur.

"Ba ni ke riƙe da injin ba."

Sai na ji ƙarar tekun ta ɗauke.

"Ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya. Sauran ma'aikatan duk suna gaba da taru, ba mai ganin baya. Sajin ya dame ni, Yaya ba ni in riƙe, Yaya ba ni in gwada. Ko gemu bai fara ba lokacin. Na ba shi. Ya ga filafilin, ya ɗauka zai iya zagayewa ya burge ni."

"Wayyo ni..."

"In na rantse ni ne, na yi wa Uwa ƙarya, kuma a tekunta ƙanina ke neman abinci. In na faɗi gaskiya, na miƙa musu yaro. Sai na yi shiru. Suka ce to in tafi da shiruna, ranar da bakina ya buɗe in dawo."

"Inna ta sani?"

"Mahaifiya ce. Ba ta taɓa tambaya ba."

"Drishya fa?"

Ya girgiza kai. "Sajin ya riƙa kai musu kifi kullum, yana gyara musu rufi. Tun yana yi don nauyin da ke zuciyarsa har ya koma yi don ita. Bayan damina za a ɗaura."

"Za ta auri wanda ya..."

"Kar ki ƙarasa!"

Ya matso. Bai taɓa matsowa kusa da ni haka ba.

"Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ko Hrishi. Duk duniya ta ɗauke ni mai kisa, ban damu ba. Ke ce kawai ba zan iya jure ki kalle ni haka ba."

Shekara nawa ina jiran kalma irin wannan daga bakinsa? Na sha tsara ta a raina, a kan dutsen Kashmir, cikin ƙanƙara. Sai ga ta ta zo min a bayan kifaffen kwale-kwale, ina kuka da majina.

"Ki yi min alkawari," ya ce. "Maganar nan ta mutu a nan."

"Kai kuma ka ƙare rayuwarka kana gaida uwarka ta bakin akuya?"

"Alkawari, Anagha. In ta fita ta bakinki, ni da ke har abada."

Ban amsa ba. Ba don ban so ba. Idona ne ya sauka kan wani abu a bayansa.

Can saman ɗakin bauta, jar tuta na hawa sanda a hankali.

Can kuma gindin wata kwakwa, nesa da inda murya za ta kai, Drishya ce tsaye tana kallonmu.

*

Kafin rana ta sunkuya gari ya cika filin ɗakin bauta. Jiragen da suka fita duk sun juyo. Maza a tsaye kan yashi, mata can baya a jikin katanga. An ɗauko Inna a kujera.

Yaya Hrishi ya riƙe min hannu. "Mu shiga mota mu bar garin nan. Yanzu."

"Ka tafi kai."

"Ke wai me ya faɗa miki ne?"

Na zare hannuna.

Dattawa na zaune a dakalin ƙofa. Na tsakiyarsu, Baba Kunhambu, tsoho ne ƙanƙani mai farin gashi a kunne. A gabansa fitilar tagulla na ci.

"An ba wanda aka ware ruwa a gidan Karthyayani," ya ce. "Akwai mai musu?"

Jithin ya fito tsakiya. Mutane suka dare kamar ya ɗauko cuta.

"Baba, baƙuwa ce. Ba ta sani ba. Laifina ne da na sha."

Tsohon bai kalle shi ba. Fitilar ya yi wa magana.

"Iska na kawo surutu yau. Sajin, kai ne mai gida. Kofin na wa ne?"

Sajin ya tako gaba. "Namu ne, Baba."

"Ruwan fa?"

"Namu ne."

"To ka san hukunci."

Wani daga cikin taron ya ce, "A jawo jirgin kawai! Da ma an daɗe ana lallaɓa su!"

Wani ya ce, "Kai rufe mana baki, kai da ko ƙaguwa ba ka iya kamawa!"

Baba Kunhambu ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Ƙofa ɗaya ce, kuma tun ranar farko a buɗe take. In wanda aka ware ya ɗora hannu kan fitila ya faɗi abin da ya faru ranar da Bhaskaran ya mutu, an sake shi. In an sake shi, ruwan da ya sha ruwa ne kawai." Sai a lokacin ya ɗago ya dubi Jithin. "Ɗan Karthyayani, yau na yi maka magana da bakina. Ga fitila."

Jithin ya kalli fitilar. Ya kalli ƙaninsa.

Sajin na tsaye, gumi na bin wuyansa, idonsa a ƙasa. Na zuba masa ido ina roƙo a raina. Yi magana. Kai ne namiji yanzu, yi magana!

Bai ɗago ba.

"Ba ni da abin faɗa, Baba," Jithin ya ce.

Inna ta saki wani irin nishi.

"Shi ke nan. Daga gobe jirgin gidan..."

"Baba Kunhambu!"

Muryar mace ce. Gaba ɗaya aka waiwaya.

Drishya ta baro jikin katanga tana ratsa maza. Wata tsohuwa ta kamo gefen zanenta, ta fizge.

"'Yar Bhaskaran, mace ba ta tsayawa a nan. Kin sani."

"Na sani. Ubana ma ya san doka, ya ɗaga filafili, me ta tsinana masa?"

Ta tsaya a gaban dattawan.

"Tun ina 'yar makaranta nake jiran bakin mutumin nan ya buɗe. Yau ya buɗe. Ba a gabanku ba." Ta juyo ta nuna ni da yatsa. "A gabanta. Na gan su a bakin ruwa. Ya yi magana, ta toshe baki tana kuka. Ba labarin Kashmir yake ba ta ba."

Duk idanu suka dawo kaina.

"Drishya, ki bari," Sajin ya ce, da ƙyar ake jin sa. "Mu je gida."

"In bari? Kai da kanka ka ce min da za ka iya da ka tono min gaskiya ko a ƙasan teku take. Ga ta nan a tsaye da ƙafafunta!"

Dattawan suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Baba Kunhambu ya daɗe yana kallona.

"'Yata, ya sunanki?"

"Anagha."

"Anagha, hannunki ne ya miƙa ruwan. Hannun da ya ƙulla shi ke kwancewa. In abin da kika ji ya isa, jirgin tsohuwar nan zai fita gobe, ɗanta kuma ya shiga gida ya zauna kusa da ita. Matso."

"Baba, ba ruwanta!" Jithin ya daka tsawa. "Ba 'yar garin nan ba ce!"

"Uwa ba ta tambayar garin mutum."

Ban san yadda na isa gaban fitilar ba. Tagullar da ɗumi. Na ɗora hannu.

Na kalli Inna a kujerarta, ƙirjinta na hawa da sauka da ƙyar. Wannan ba za ta ga wata daminar ba, ko makaho ya sani.

Na kalli Jithin. Kai kawai ya girgiza min, sau ɗaya, a hankali.

"Ranar da Bhaskaran ya mutu," tsohon ya ce, "Jithin ya ga filafilin, ko bai gani ba?"

Ka yafe min, na ce a raina. Ka tsane ni, amma ka tsane ni daga cikin gidanku.

"Ba shi ke riƙe da injin ba."

Filin ya ɗauki guna-guni kamar an taɓa gidan zuma. Jithin ya rufe ido.

Drishya ta tako har gabana. Muryarta ta yi sanyi ƙalau.

"To waye?"

Ni ta tambaya.

Amma ba ni take kallo ba. Sajin take kallo, wanda ya riga ya durƙushe kan yashi.